Ruwan da ya ratsa jiha uku, wa ke da ikon raba shi?

Mai_Albasa_Marwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, don Allah masu sanin doka su taimaka. Ni albasa nake nomawa a bakin Mayo Tsanaga (mayo shi ne kogi da Fulatanci), wajen Meskin, kusa da Marwa a arewacin Kamaru. Rijiyar da mahaifinmu ya bar mana, a da ko watan huɗu ya yi ba ta ja baya. Bana sau biyu muka sa aka ƙara tona ta. Ka tayar da inji, kafin ka shayar da fangali goma ya fara shan iska, sai ka kashe ka zauna jira. To amma wannan mayo ɗin, a watan takwas mutum ba ya iya tsallaka shi, ruwa ya wuce ta gabanmu ya tafi. Tun 2020 aka ce an zaɓi majalisun jihohi. Shin majalisar jiharmu ta Arewa Mai Nisa tana da ikon tsara yadda za a tare ruwa a raba? Kuma in aka ce a jawo ruwa daga wata jiha, misali daga Binuwai zuwa nan, wa zai sa hannu?

Baban_Halima: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi Malam. Mu ma a Gidar haka abin yake.

Malamin_Lakwal_Garwa: Malam Mai Albasa, tambayarka kashi biyu ce. Dokar ruwa ta Kamaru ita ce mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998. Tun daga farkonta ta ce ruwa dukiyar ƙasa ce baki ɗaya, gwamnati ce ke kare shi da tafiyar da shi, amma tana iya miƙa wani ɓangare na aikin ga ƙananan hukumomi. Mai ɗibar ruwa don masana'anta ko kasuwanci sai da izini, kuma yana biyan kuɗi. Sai dokar raba iko ta Disamba 2019. Ita ta ɗora wa magajin gari nauyin ruwan sha, ta ba jiha kula da ruwan da amfaninsa ya shafi jihar, da kuma tsara shirin raya jiha. Don haka a takarda majalisarku tana da abin faɗa a kan Mayo Tsanaga. Amma da zarar ruwa ya tsallaka iyakar jiha, magana ta koma Yawunde, hannun ma'aikatar ruwa da makamashi. Binuwai kuwa ta wuce nan ma, domin Najeriya take shiga, kuma tana ƙarƙashin hukumar kogin Neja wadda ƙasashe 9 ke ciki.

Mai_Albasa_Marwa: Na gode Malam. Wato dai namu ikon bai wuce bakin mayo ba ke nan.

Malamin_Lakwal_Garwa: Ko shi ɗin ma sai da kuɗi. Dokar 2019 ta ce kason jihohi da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. An ba ka fartanya an ce ga gona, sauran a ba ka iri.

Hajiya_Domayo: Ku maza kuna maganar albasa, mu na sha muke nema. Shekaranjiya da asuba na bi ta bakin Mayo Kaliyawo, na tarar da wata yarinya da ba ta fi shekara tara ba, ta tona rami a cikin yashi har ya kai ta ƙugu, tana zaune a ciki da ƙoƙo tana jiran ruwa ya tsatso. Ta kamfato rabin ƙoƙo, ta jira ya kwanta, ta tsiyaye a jarka. Kayan makaranta ne a jikinta. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun kiran sallar farko. Duk dokar da ba ta fitar da yarinyar nan daga ramin ba, ni ban ga amfaninta ba.

Ɗan_Gumsa: Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya.

Injiniya_Njamena: Salamu alaikum daga wannan tsallaken. Ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Malamin Lakwal, domin mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ruwan da muke magana a kai kusan duk daga wuri ɗaya yake fitowa. Binuwai daga tsaunukan Adamawa take tasowa, arewa da Ngaundere. Logon ma haka: Vina da Mbere daga jihar Adamawa suke gangarowa, su shigo Chadi, su wuce Mundu, su haɗu da Pende da ta fito daga Afirka ta Tsakiya, sannan kogin ya dawo ya zama iyaka tsakaninmu da ku daga wajen Bongor da Yagwa har Kuseri. Ka ga ke nan mutumin Yagwa ruwan Ngaundere yake sha, amma sai da ya biyo ta wata ƙasa. Wace majalisar jiha ce za ta iya tsara wannan ita kaɗai? Shi ya sa tun 1970 Kamaru da Chadi suka yi yarjejeniyar Mundu a kan yawan ruwan da kowa zai ɗiba daga Logon da rani. Mu ma a nan dokarmu ta ruwa ta 1999 haka ta ce, ruwa na gwamnati ne.

Sarkin_Kwata_Blangwa: Ni dai abin da na sani, maganin duk wannan shi ne a jawo ruwan Kwango a zuba a tafkin Chadi, kowa ya huta. Tun muna yara muke jin labarin. Kakana ya ce inda kasuwa take ci yanzu, da kwalekwale suke bi. Ruwa yana can yana zubewa a teku a banza, mu muna nan muna faɗa a kan kududdufi.

Injiniya_Njamena: Sarki, ranka ya daɗe, wannan shi ake kira Transaqua. Wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ya kawo shawarar shekaru sama da 40 da suka wuce: a haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita kusan 2,400, ta tattaro ruwan rassan kogin Kwango ta zubo a kogin Shari da ke shiga tafkin Chadi. A taron tafkin Chadi da aka yi a Abuja a Fabrairu 2018 an sake ɗago maganar, aka yi ta ambaton dala biliyan 50. Akwai kuma ƙaramin shiri, na ɗibar ruwa daga kogin Ubangi da gina madatsa a Palambo. Har yau ba a kafa ko tubali ɗaya ba. Kuma ba kuɗi ne kaɗai matsalar ba. Kwango Kinshasa ba ta cikin hukumar tafkin Chadi, 'yan siyasarta da yawa sun fito sun ce ba su yarda ba. Ka duba, tambayar Malam Mai Albasa ce dai ta dawo da babbar riga: mai ruwa bai sa hannu ba, ta yaya za ka ja?

Sarkin_Kwata_Blangwa: To me ya hana a zauna da su a ba su haƙƙinsu? Ai ba kyauta muka ce ba.

Bakatsine_a_Kuseri: Sarki, ka yi haƙuri, amma ni ban yarda ma tafkin yana mutuwa yadda ake faɗa a rediyo ba. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma farin 1973 da na 1984 sun kusa gamawa da shi. Amma tun daga nan ba ƙasa ya yi ta yi ba. A 2022 da 2024 ruwa yawa ya yi mana. Ni a 2022 da hannuna na cika buhu da ƙasa muka jera a bakin unguwa, dare uku ba barci, matasa suna zagayawa da tocila suna duba inda ya fara tsatsowa. Ƙanena da ke unguwar Waliya a tsallake, a Njamena, da kwalekwale aka fitar da matarsa da jariri, katifa a kai. Yanzu a ce an ƙaro mana ruwan Kwango a kan wannan, ina za mu sa shi? A fara gyara ganuwar da muke da ita.

Sarkin_Kwata_Blangwa: Kai ɗan kasuwa ne, ba ka san tafki ba. Ambaliyar shekara biyu ba ta nufin ruwa ya dawo. Je ka ɓangaren arewa wajen Nijar ka gani, shekara nawa yana bushewa ƙurmus?

Bakatsine_a_Kuseri: Ban musa ba Sarki. Amma gidan da ya rushe ma gida ne.

Goggon_Yara: Don Allah a yi a hankali, kowa abin da ya same shi yake faɗa. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Tsohon_Ma'aikaci_Yagwa: Ku bar ni in ba ku labarin Maga, domin duk wanda zai yi maganar kai ruwa daga wani wuri zuwa wani a ƙasar nan, ya kamata ya fara da shi. A 1979 aka gama madatsar, ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita 27 daga Girvidik zuwa Pus, don noman shinkafa na SEMRY, kamfanin shinkafa na gwamnati da ke Yagwa. Ruwan Mayo Tsanaga da Malam Mai Albasa yake gani yana wucewa, nan yake zuwa ya tsaya, da na Mayo Bula, da wanda ake jawowa daga Logon. An kuma yi ganuwa a gefen kogin. Shinkafa ta samu, ba wanda zai ce ba ta samu ba, iyalai da yawa da ita suka tashi. Amma fadamar da ke arewa, wadda ake kira yayre, da ambaliyar kowace shekara take rayuwa. Da aka tare ruwan, ga kuma fari ya zo, sai ciyawa mai kyau ta ɓace a wurare da yawa, kifi ya ragu, makiyaya suka rasa inda za su ci rani, har namun gandun dajin Waza abin ya taɓa. Sai a 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da ake kira Petit Goroma, ruwa ya sake shiga wani ɓangare na fadamar. Na je wajen Zina bayan an buɗe. Na ga wani dattijo ya tsuguna ya tumɓuke ciyawa da hannu yana nuna wa jikansa, yana cewa wannan ita ce wadda nake ba ka labari. Abin da nake so ku gane, lokacin da aka zana Maga a takarda, an ƙirga kadadar shinkafa, ba a ƙirga mutanen da ke ƙasa da ganuwa ba. Shekara 15 aka ɗauka kafin a gyara kaɗan daga ciki. Kuma duk wannan a cikin jiha ɗaya ne, ba a ma tsallaka iyaka ba.

Malamin_Lakwal_Garwa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan shi ne giɓin da nake gani a dokar 1998. Ta yi maganar izini da gurɓata ruwa da kuɗin da za a biya, ta kafa kwamitin ruwa na ƙasa. Amma abin da muke bukata shi ne zama na kowane kogi, inda na sama da na ƙasa za su haɗu kafin a tare ko a karkata ruwa. Iyakar jiha daban, iyakar kogi daban.

Ɗan_Gumsa: Zama nawa aka yi a ƙasar nan? A ci abinci a raba kuɗin mota a watse.

Ardo_Mindif: Ɗan Gumsa, kar ka raina zama. Ni makiyayi ne, kowace shekara bayan kaka muna gangarawa yayre da shanu. Yanzu in ka shiga fadamar, ko'ina an yanka ta da hanyoyin ruwa na kamun kifi, mutum ya haƙa tun daga kogi har cikin fadama, ya sa raga a baki. Ruwan da zai kwana wata uku yana ciyar da ciyawa, sai ya tsiyaye da wuri. Saniya kuma ta zo ta faɗa rami ta karye. Shi masunci ba mugunta yake yi ba, abincin 'ya'yansa yake nema. Ni ma haka. Kun dai ga abin da ya faru a Logon Birni a Agusta da Disamba 2021 tsakanin 'yan'uwanmu Musgum da Larabawa Shuwa. A kan ruwa aka fara, aka rasa rayuka, aka ƙone ƙauyuka, dubban mutane suka tsallaka Chadi. Da akwai doka da ta fayyace ga mashayar shanu, ga inda za a haƙa, ga watan da za a buɗe, kuma lawan da bulama da ardo suna wurin aka yanke, da wataƙila ba a kai can ba. Kafin a je Kwango, a fara raba wanda ke gabanmu.

Hajiya_Domayo: Innalillahi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba.

Baban_Halima: Amin.

Ɗan_Jimeta: Salam. Ni daga Yola nake, amma uwata 'yar Garwa ce shi ya sa nake zauren nan. Tunda ana maganar na sama da na ƙasa, ku ma ku ji namu. Duk shekara in watan tara ya kama, hankalinmu yana kan madatsar Lagdo da ke kan Binuwai a ƙasarku. A 2012 mun sha wuya, a 2022 sama da mutum 600 suka mutu a ambaliya a Najeriya. Ku kuna samun wuta, mu muna samun ruwa a ɗaki.

Malamin_Lakwal_Garwa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙansu, kuma ba wanda ke jin daɗin wannan. Amma a yi wa Lagdo adalci. An gina ta tsakanin 1977 da 1982 da taimakon Sin, injinanta huɗu suna ba da megawat 72. In tafkin ya cika dole a buɗe, in ba haka ba ganuwar ce za ta tafi, wannan kuwa ya fi komai muni. Kuma mu mutanen Garwa da Pitowa mu ruwan ke fara ci kafin ya iso ku. Sannan Mayo Kebbi da Faro duk a ƙasa da madatsar suke shiga Binuwai, ba abin da ke tare su, ga Gongola da Taraba da Donga da Katsina Ala a cikin ƙasarku. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a ɓangarenku don ta riƙe ruwan, har yau ba a gina ba.

Ɗan_Jimeta: Wannan na Dasin Hausa gaskiya ne, laifinmu ne, ba zan kare ba. Abin da muke roƙo a sanar da wuri, kuma sanarwar ta kai ga manomin da ke bakin kogi, kar ta tsaya a ofis.

Goggon_Yara: Nan ma haka ne ɗana. Bara masarar ƙanwata a bakin kogi saura kwana goma a karya, da safe suka tarar da ruwa har kan goyo. Daga baya ne suka ji wai an yi sanarwa a rediyo da Faransanci. Ita ko Fulatanci da Hausa kaɗai take ji.

Injiniya_Njamena: Goggo, wannan maganar taki ita ce zuciyar abin. Yarjejeniyoyi akwai su. Hukumar tafkin Chadi tun 22 ga Mayu 1964 aka kafa ta a nan garin, lokacin ana kiransa Fort-Lamy. A 2012 shugabannin ƙasashen suka amince da kundin ruwa na tafkin, wanda ya tanadi cewa ƙasar da za ta yi babban aiki a kan kogi ta sanar da sauran tun kafin ta fara. Chadi ta shiga yarjejeniyar ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018, ita ce ta farko a Afirka, Kamaru ta bi a 2022, Najeriya a 2023. Duk waɗannan tsakanin gwamnati da gwamnati ne. Daga minista zuwa ƙanwar Goggo, nan igiyar take tsinkewa. Wani abu kuma da zai ba ku mamaki: a shekarar da Logon ya cika sosai, ruwansa yakan malala ta fadamar Tupuri ya shiga Mayo Kebbi, daga nan ya faɗa Binuwai. Wato ruwan da ya kamata ya tafi tafkin Chadi ya ƙare a tekun Najeriya, ba tare da izinin kowa ba.

Ɗan_Gumsa: Ikon Allah. Wannan ban taɓa ji ba.

Mai_Albasa_Marwa: Na karu sosai, amma jama'a kun kai ni Kwango kun kai ni Yola, rijiyata tana nan yadda take. In dawo da tambayata: jawo ruwa daga Lagdo zuwa Marwa, zai yiwu ko ba zai yiwu ba?

Injiniya_Njamena: Malam, a fasaha ba abin da ba ya yiwuwa, amma ka duba. Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai, Lagdo kuma tana gaba da Garwa ta kudu. Marwa ta fi Lagdo tudu, don haka tura ruwan za a yi da inji, da wutar da ita kanta ba ta isa ba. Ka tuna shekarun da ruwan tafkin ya yi ƙasa aka yi ta ɗauke wuta a jihohi uku, har aka kawo tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar. Ruwan da aka turo haka na sha ne, ba wanda zai iya biyansa ya zuba wa albasa. Abin da ya fi kusa da kai shi ne a riƙe ruwan mayo a inda yake: ƙananan shingaye na dutse da siminti a cikin mayo, tun daga tsaunukan Mandara, su rage masa gudu ya nutse cikin yashi, rijiyoyin gefe su samu. Mutanen dutse sun daɗe suna yin irin wannan. Kuma shi ne daidai aikin da majalisar jiharku da magadan gari suke da ikon sawa a shirinsu.

Tsohon_Ma'aikaci_Yagwa: Injiniya, da sharaɗi. Duk abin da kuka tare a sama, daga rabon Maga kuka cire. Ƙanana ba laifi, amma in aka yi babba a tuna da masu shinkafa. Kar a maimaita kuskuren 1979 ta ɗaya gefen.

Mai_Albasa_Marwa: Baba, ai ba duka za mu riƙe ba. Kwana nawa ne mayo yake cika ya wuce.

Malamin_Lakwal_Garwa: To ga hanya Malam. Majalisar jiha mutum 90 ne, 70 wakilan sassa, 20 daga sarakunan gargajiya. Ku masu albasa kuna da ƙungiyoyi. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiya, ku sa yawan rijiyoyinku da zurfin kowace a watan ɗaya da kuma watan huɗu, ku kai wa wakilan sashenku na Diyamare da magajin garinku, kwafi ɗaya kuma ta hannun lawan zuwa fadar lamido. Takarda mai lissafi ta fi kuka shiga kunne.

Hajiya_Domayo: In za ku rubuta ku sa maganar ruwan sha a gaba, albasa ta biyo baya. Kuma a sa mata a cikin masu kai takardar, mu ne masu ɗaukar jarka.

Ardo_Mindif: A sa mashayar dabbobi ma. In aka yi shinge aka kewaye shi da lambuna ba a bar burtali ba, wata rigimar ce aka shuka.

Sarkin_Kwata_Blangwa: Ku yi shingenku, Allah ya ba da sa'a. Ni dai har yanzu ina kan bakana, in ba a ƙaro ruwa daga kudu ba, jikokinmu za su sake wannan zancen.

Mai_Albasa_Marwa: Ranar Juma'a bayan masallaci muna da taron ƙungiya, zan karanta musu abin da aka faɗa a nan. Injiniya, zurfin rijiyar daga baki ake aunawa zuwa saman ruwa, ko har ƙasa?

Injiniya_Njamena: Daga baki zuwa saman ruwa, da sassafe kafin a tayar da inji. Ku ɗaura dutse a igiya, ku yi ƙulli a kowace mita, kuma ku rubuta ranar.